Yadda za ku ga koren zalɓe yana kamun kifi

'Yan uwa masu sha'awar kallon tsuntsaye, musamman mazauna Amurka, ga shawara kan koren zalɓe. Kada ku nema shi a tsakiyar ruwa kamar manyan zalɓe. Shi ƙarami ne, tsawonsa kusan santimita 44, kuma yakan laɓe a bakin fadama ko kan reshen da ya sunkuyo kan ruwa, ya noƙe wuya har ka ɗauka kututture ne.

Ku je da sassafe ko da yamma liƙis, ku zauna nesa kaɗan, ku yi shiru. In ya fara kaɗa wutsiya yana tayar da tukku, kun matso da yawa, ku ja baya.

Abin da ya cancanci jira shi ne dabararsa ta kamun kifi. Wani lokaci yakan jefa ƙwaro, gashin tsuntsu ko ɗan tsinke a kan ruwa, ya zuba ido. Kifi na tasowa, sai caraf! In ruwa ya ja abin, ya ɗauko ya sake jefawa. Don Allah kada ku watsa masa burodi saboda hoto, ku bar shi ya yi da kansa.

Na gida kuma, ɗan uwansa mai koren baya yana nan a fadamun Haɗeja da Nguru.