Ga masu koya wa 'yan SS3 rubuta manhaja

Malamai 'yan uwa a Kaduna, ku fara musu da yaren rubuta manhaja na Python, yaren C++ ya jira sai sun shiga jami'ar KASU ko ABU. In babu kwamfuta ko an ɗauke wuta, manhajar rubuta Python mai suna Pydroid 3 na aiki a wayar Android ko babu data.

Bayani minti 10 ya isa, sauran 30 su rubuta da hannunsu. Aikin farko, manhajar da za ta tara makin darussa huɗu na JAMB. Nan za su yi tuntuɓe, domin input(), umarnin karɓar abin da mutum ya shigar, a matsayin rubutu yake karɓarsa ba lamba ba, sai 60 da 70 su ba da 6070 maimakon 130. Ku bari su ga kwaɓar da idonsu tukuna, sannan ku nuna musu int(), mai mayar da rubutu lamba. Tazarar farkon layi kuwa gurbi huɗu ce, kada a gauraya da maɓallin Tab.