Kurakuran da aka fi yi wajen bin diddigin aikin masu duba asibiti da makaranta

Na gaji da karanta rahoton matasan da muke turawa su gano ko jami'an sa ido na gwamnati suna aikinsu a ƙananan asibitoci da firamaren birnin Kano. Kowace shekara sababbin fuskoki, kuskure kuwa shi ne dai na bara.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ƙirga zuwa. Yaro zai buɗe littafin baƙi, ya ga sa hannun jami'i sau shida a zango ɗaya, ya dawo yana murna wai aiki na tafiya. Ni ma a wannan ramin na faɗa shekarar da na fara. Wani ƙaramin asibiti ne a cikin gari, na shiga motar masu dubawa muka tafi tare. Mun tarar an share, an yayyafa ruwa, ma'aikata kowa cikin fararen kaya, kanta cike da magani, firjin rigakafi na aiki. Na rubuta yabo shafi uku, na sa hannu. Bayan mako biyu gwaggona ta kai jikarta wurin da zazzaɓi bayan isha'i, ta tarar da ƙofa a garƙame, sai maigadi. Da safe aka rubuta mata takarda aka ce ta je kemis. Na koma da ƙafata: kantar nan sai kwalaye, janareton ashe aro aka yi na yini ɗaya. Kwana uku kafin mu je aka sanar da su. Rahotona ya riga ya wuce sama, kuma da shi aka kafa hujjar cewa wurin ba ya buƙatar komai. Wallahi har yau abin na yi mini ciwo.

Tun daga ranar ba na shiga motar hukuma, ba na taɓa lemon da aka ajiye wa baƙi. Adaidaita Sahu nake hawa, bayan kwana goma da zuwan masu dubawa, Litinin da sassafe ko Juma'a bayan an sauko masallaci. Abin da jami'i ya rubuta a gyara nake kwafewa, in bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a gyara rufin aji? Sai na ɗaga kai na duba. Sannan in zauna a benci da mata masu jiran awo, in ce, "Baba, yaushe rabon da a ba ki magani a nan?" Wasu abokan aikina suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni ban sami abin da ya fi shi ba.

Kuskure na biyu, ɗaukar kwaɗo a matsayin nasara. Haba yara! Kun ji a rediyo an rufe shago, sai ku rubuta an yi maganin matsala? A 2024 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, da majalisar masu haɗa magunguna sun rufe shagunan magani a Sabon Gari don a koma sabuwar kasuwar Dangwauro. Mai bin diddigi na gaske zai koma bayan wata ɗaya, bayan wata shida, ya ga inda maganin yake, a inuwa ko a rana. Ranar rufewa kowa ya gani, har da 'yan jarida.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ɗauki hoton mara lafiya bai yarda ba. Kada ka auna makaranta a makon farko na zango. Kada ka gwada ta Fagge da ta ƙauyen Ungogo ba ka faɗi yawan yaran kowane aji ba. Rahoton dubawa a rubuce ake nemansa, ka riƙe kwafi mai hatimi, don dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kwana 7 ta ba hukuma ta amsa.

Kuma kafin ka zargi jami'i, tambaye shi makarantu nawa ke hannunsa, wa ke zuba masa mai a babur. Tsofaffi suna ba da labarin duba-gari, wanda har randa yake leƙawa, amma shi in ya yi magana akwai mai hukunci a bayansa. Na ga jami'in da ya rubuta lalacewar banɗaki ɗaya sau huɗu. A rahotona teburin da takardarsa ta kwanta na nema, har na gano shi.