Yadda ake auna mazaɓa a Legas: misali da Agege

Duk mai son sanin nauyin Hausawa a siyasar wata mazaɓa a Legas, kada ya fara da kallon cunkoson kasuwa, ya fara da iyaka. Jihar na da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, 40 a majalisar jiha. Agege kujera ɗaya ce a Abuja, amma biyu ce a Alausa, inda majalisar jiha take: Agege I, wadda Mudashiru Obasa ke wakilta, da Agege II. A zaɓen sanata kuwa tana cikin Legas ta Yamma.

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. INEC ƙananan hukumomi 20 kawai ta sani, ita kuwa jiha ta ƙara yankunan raya ƙasa 37, Orile-Agege na cikinsu. Saboda haka gundumomin LASIEC, hukumar jiha mai shirya zaɓen kansiloli, daban suke da gundumomi 11 da INEC ke aiki da su a Agege. In ka gauraya su, lissafinka ya rushe tun daga tushe.

Ƙidayar 2006 kada ka jingina da ita sosai. Ta tsufa, kuma ko a lokacin tarayya ta ce Legas miliyan 9 da ɗoriya ce, jiha ta ce ta haura 17. Abin riƙewa shi ne rajistar masu zaɓe, sai adadin waɗanda suka karɓi kati, sai waɗanda na'urar BVAS ta tantance ranar zaɓe. A zaɓen 2023 sama da mutum miliyan 7 ne ke cikin rajista a jihar, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Peter Obi ya samu 582,454, Tinubu 572,606. Bayan mako uku Sanwo-Olu na APC ya lashe na gwamna da tazara mai faɗi. Don haka zaɓe ɗaya ba ya nuna halin mazaɓa. Ka sauke takardun sakamako na rumfa-rumfa, wato EC8A, daga IReV, shafin INEC na duba sakamako, ka jera zaɓukan gefe da gefe. Ka lura an ƙara rumfuna a 2021, lambobin 2019 ba za su zauna daidai ba.

Sauran aikin na ƙafa ne. Hausawan Agege ba gida ɗaya ba ne. Akwai jikokin fataken goro da aka haifa a Zango, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, katinsu na nan. Akwai mahauta da dillalan shanu na abbatuwar Oko-Oba. Akwai 'yan ci-rani, masu acaɓa da masu tura baro, waɗanda da yawansu katinsu na Katsina ko Sakkwato ne, zaɓe na matsowa su hau mota. Tambayar ita ce "Malam, a ina ka yi rajista?", ba "Wa za ka zaɓa?" ba. Ka zana layuka uku a littafinka: mai kati na nan, mai katin gida, marar kati.

Ka fara gaida Sarkin Hausawa da limamai kafin ka shiga unguwa, amma alƙaluman da wani shugaban ƙungiya zai ba ka, ka gwada su da na rumfunan da ke kusa da shi. Kowa na son a ga jama'arsa da yawa. Sannan ka zauna da Baale (mai unguwar Yarbawa) da Iyaloja (shugabar 'yan kasuwa) da shugabannin tashar mota, don Yarbawa ne masu rinjaye, kuma a hannunsu ragamar jam'iyya take a gunduma. Mata kuwa, mace za ka tura ta same su a cikin gida da Islamiyya.