Yadda ake fitar da wutar lantarki daga laka

Fara da neman laka, amma ba kowace laka ba. Baƙa ƙirin ake so, ta ƙasan ruwa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ni daga fadamar Dadin Kowa nake ɗebo wa ɗalibaina, gefen gonakin shinkafa, sai na tura hannu har gwiwar hannu kafin in damƙo. Warin nan alama ce iska ba ta shiga, kuma a irin wurin ne bakteriya irin su Geobacter ke rayuwa. Idan sun ci ruɓaɓɓen ganye, sai su fitar da elektiron, wato ƙwayar da gudunta a cikin waya ke zama wutar lantarki, daga jikinsu, mu kuma mu tare shi da waya. Tun 1911 Michael Potter na Jami'ar Durham a Ingila ya nuna ƙananan halittu irin su bakteriya suna iya ba da wuta.

Samo robar fenti, wayar wuta mai riga, garin gawayi, mitar auna ƙarfin wuta, da baƙin sanda guda biyu na cikin tsohon babban batirin rediyo. Sa safar hannu wajen fasa batirin, ka wanke sandunan tas.

Wajen ɗaura waya ne yawanci aiki ke lalacewa. Naɗa wa kowace sanda tata wayar, ka liƙe mahaɗar da kakin kyandir ko gam, kada tagulla ta taɓa laka ko kaɗan. In ta taɓa, za ta yi tsatsa, ta cutar da bakteriyar, mita kuma ta nuna maka lambar ƙarya ka yi ta murnar banza.

Zuba laka kamar faɗin yatsu uku, kwantar da sanda ɗaya cikin garin gawayi, ka rufe da laka har rabin robar. Danna sosai kumfar iska ta fita. Ɗayar sandar a sama za ta zauna, rabinta a jiƙe, rabinta tana shan iska.

Ajiye a inuwa, ka riƙa yayyafa ruwa, musamman lokacin hunturu. Bayan mako ɗaya ko biyu, in ka haɗa wayoyin sandunan biyu da mita, za ta iya nuna wajen rabin bolt. Jan ƙwan LED yana bukatar kusan bolt 1.8, don haka jera roba huɗu ko biyar, sandar saman wannan zuwa ta ƙasan waccan. Cajin waya dai kada ka sa rai. Hasken ƙwan ma sai ka kashe fitilar ɗaki za ka gani.