Yadda Za Ka Taimaki Ƙungiyar Agaji da Labari a Kafafen Sada Zumunta

A ranar 2 ga Satumba, 2015, wata mai ɗaukar hoto 'yar ƙasar Turkiyya, Nilüfer Demir, ta ɗauki hoton gawar wani ƙaramin yaro ɗan Siriya mai suna Alan Kurdi a gaɓar teku kusa da garin Bodrum. A lokacin yaƙin Siriya ya haura shekara huɗu, ya kuma laƙume rayukan dubban ɗaruruwan mutane, amma alƙaluman ba su girgiza duniya kamar yadda wannan hoto guda ya yi ba. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Slovic da abokan aikinsa sun bibiyi asusun da ƙungiyar Red Cross ta Sweden ta buɗe domin 'yan gudun hijirar Siriya, suka gano cewa a makon da ya biyo bayan fitar hoton, yawan masu bayar da gudummawa a kullum ya ninka fiye da sau 100. Sun kuma gano cewa cikin kimanin mako shida wannan ɗoki ya lafa. Duk wanda yake son tallafa wa ƙungiyar jin ƙai da wayarsa ya kamata ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare: labarin mutum ɗaya yana buɗe hannun jama'a, kuma hannun ba ya daɗewa a buɗe sai an yi masa tanadi.

Kafin ka rubuta ko da jimla ɗaya, ka zaɓi ƙungiyar da za ka tsaya wa, ka kuma bincike ta yadda za ka binciki wanda za ka ba ajiyar dukiya, domin mutanen da za su bayar da kuɗi saboda maganarka da sunanka za su dogara. Ka tabbatar tana da rajista da hukumar da ke kula da irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙasar da take aiki, ka nemi rahotonta na shekara-shekara, ka duba ko masu binciken kuɗi na waje sun tantance lissafinta. Bayan haka ka tuntuɓi jami'inta na yaɗa labarai ka tambaye shi abin da suke bukata a yanzu. Sau da yawa amsar kuɗi ce, ba tsofaffin tufafi ba, saboda kuɗi ba ya bukatar sito ko motar dako, kuma da shi ake sayen ainihin abin da ake nema a kusa da inda masifar ta auku. Ka kuma fahimci cewa aikin jin ƙai yana tafiya ne bisa ƙa'idoji huɗu, wato tausayin ɗan Adam, rashin ɗaukar ɓangare a rikici, rashin nuna bambanci wajen rabon taimako, da cin gashin kai. Idan ka haɗa sunan ƙungiya da zagin wani ɓangare na masu faɗa, kana iya jawo a rufe wa ma'aikatanta hanyar isa ga masu bukata, ko ma a jefa rayukansu cikin haɗari.

Sai kuma batun labarin kansa. A wani bincike da Deborah Small da George Loewenstein da Slovic suka wallafa a 2007, an nuna wa wasu mutane alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa, wasu kuma aka nuna musu hoto da labarin yarinya guda 'yar shekara bakwai daga ƙasar Mali. Waɗanda suka ga yarinyar sun bayar da fiye da ninki biyu na abin da masu alƙaluma suka bayar, kuma abin mamaki shi ne da aka haɗa labarin da alƙaluman wuri guda, kyautar ta ragu. Ni ban ɗauki wannan a matsayin hujjar ɓoye girman matsala ba, domin mai bayarwa yana da haƙƙin sanin gaskiyar al'amari. Abin da na fahimta shi ne kowanne yana da muhallinsa: ka fara da mutum, ka bar alƙaluma su zo daga baya ko a wani rubutu na daban.

Labari mai ratsa zuciya ba ya farawa daga ranar masifa. Yana farawa daga wanda mutumin yake kafin ta zo, da sana'arsa, da iyalinsa, da abin da yake shirin yi a wannan shekara. Daga nan sai abin da ya faru, a faɗe shi a taƙaice ba tare da ƙarin gishiri ba. Sashen da masu rubutu suka fi tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan labarin, shi ne abin da mutumin ya yi da kansa: yadda ya fitar da 'ya'yansa daga ruwa, yadda maƙwabta suka haɗa kai kafin wata motar agaji ta iso, yadda wata uwa ta yi tafiyar yini guda a ƙafa don kai jaririnta asibiti. A kusan kowace masifa mutanen wurin ne suke fara ceton juna. Idan ka nuna haka, mai karatu zai ga mutum kamarsa wanda ya yi iya ƙoƙarinsa aka bar shi da giɓi ɗaya, sannan ka bayyana giɓin da kuma yadda ƙungiyar take cike shi. Ka bar mai labarin ya yi magana da bakinsa gwargwadon iko, kada ka gyara masa kalamai har su koma naka, kuma kada ka mayar da kanka ko ƙungiyar gwarzon labarin.

A nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kundin ƙa'idojin aiki da ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent tare da wasu manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da shi a 1994 yana da ƙa'idoji goma, kuma ta goman tana magana ne a kan wannan batu kai tsaye: cewa a duk wani aikin yaɗa labarai da talla, za a nuna waɗanda masifa ta shafa a matsayin mutane masu daraja, ba abin tausayi marasa makoma ba. Neman izini bai tsaya ga tambayar ko za a iya ɗaukar hoto ba. Dole ne ka bayyana wa mutumin, cikin harshen da yake ji, inda hoton zai fito, da cewa danginsa da maƙiyansa duka suna iya ganinsa, da cewa abin da ya shiga intanet da wuya ya goge gaba ɗaya. Abu mafi muhimmanci, ka faɗa masa a fili cewa ƙin amincewarsa ba za ta rage masa komai daga taimakon da zai samu ba, domin wanda yake tsaye a layin karɓar agaji yana iya cewa ya yarda don tsoro kawai. Idan yaro ne, izinin iyaye ko mai kula da shi wajibi ne, kuma yana da kyau a ji ta bakin yaron. Ƙa'idojin UNICEF na bayar da rahoto kan yara sun ce a sauya suna a kuma ɓoye fuskar yaron da aka ci zarafinsa ta hanyar lalata, ko mai ɗauke da cutar HIV, ko wanda ake tuhuma da laifi. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: wayoyin zamani kan maƙala wa hoto bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi, saboda haka ka kashe wannan tsari kafin ɗauka, ka kuma duba kada allon makaranta ko lambar tanti ta tona inda mutum yake. Ma'auni mafi sauƙi shi ne ka tambayi kanka ko za ka yarda a wallafa hoton mahaifiyarka a irin wannan hali. Idan ba kai ne a wurin ba, abin da ya fi shi ne ka yi amfani da hotunan da ƙungiyar ta riga ta samu izininsu, maimakon tsintar na wasu a intanet.

Zaɓen kafa ba ya bukatar dogon nazari, domin inda mutanenka suke nan za ka je. Facebook ya fi dacewa da labari mai ɗan tsawo, Instagram da TikTok na gajeren bidiyo ne, X na saurin isar da sanarwa ga 'yan jarida da hukumomi, shi kuwa WhatsApp ƙarfinsa yana cikin cewa saƙon yana zuwa ne daga wanda aka sani. Gani ya kori ji, amma mutane da yawa suna kallon bidiyo ba tare da kunna sauti ba, don haka ka sa rubutun abin da ake faɗa a ƙasansa, ka kuma fara da fuskar mai labarin da muryarsa, ba da tambarin ƙungiya ba.

Kowane rubutu ya ƙare da roƙo guda ɗaya tak, wanda mutum zai iya cikawa kafin ya ajiye wayarsa. A 2013 reshen UNICEF na Sweden ya yi wani gangami da ke tunatar da jama'a cewa latsa alamar so a Facebook ba ya saya wa yaro allurar rigakafi, kuma har yau maganar tana nan daram. Ka faɗi abin da kuɗin zai yi, da adadin da ake nema, da ranar da za a rufe, amma ka karɓi waɗannan alƙaluma daga ƙungiyar, kada ka ƙiyasta da kanka. Sauƙin hanyar biya yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta ranar 12 ga Janairu, 2010, Red Cross ta Amurka ta tara fiye da dala miliyan 30 ta hanyar gajeren saƙon waya, inda kowane saƙo yake ɗauke da dala 10. Haka nan gasar watsa wa kai ruwan ƙanƙara ta 2014, wadda ta samar wa ƙungiyar ALS Association dala miliyan 115 domin yaƙi da wata cutar jijiyoyi, ta yi nasara ne saboda kowa yana kiran sunayen abokansa ya ɗora musu nauyi. Kana iya aron wannan dabara ta hanyar aika saƙo na musamman ga mutum goma da ka sani, domin roƙon da aka yi wa kowa da kowa sau da yawa ba wanda yake jin shi ake nufi. Shawarata mai ƙarfi ita ce kada kuɗin ya bi ta asusunka na banki ko da niyyarka tsarkakakkiya ce. Ka sa adireshin shafin ƙungiyar na ainihi, ka gwada shi da kanka, ka kuma gargaɗi mabiyanka cewa 'yan damfara kan buɗe shafukan bogi duk lokacin da wata masifa ta auku.

Tunda ɗokin jama'a yana saurin sanyi, ka yi amfani da kwanakin farko wajen neman masu bayarwa wata-wata ko da kaɗan ne, saboda da irin wannan kuɗi ƙungiya take iya tsara aikin shekara. Akwai kuma ranakun da hankalin duniya yake dawowa kan batun da kansa: 20 ga Yuni ta 'yan gudun hijira, 19 ga Agusta ta ayyukan jin ƙai, wadda ake tunawa da harin da ya kashe mutum 22 a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Bagadaza a 2003, da kuma Talatar bayarwa, wato ranar da aka keɓe don bayar da gudummawa a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, wadda aka fara a birnin New York a 2012. Ka tanadi labaranka tun kafin waɗannan ranaku su ƙarato.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan fage ko sauƙaƙa magana fiye da kima yana da tsada. Bidiyon da ƙungiyar Invisible Children ta saki a watan Maris na 2012 kan madugun 'yan tawayen Uganda Joseph Kony ya samu kallo miliyan 100 cikin kwana shida, amma ya sha suka mai zafi, har daga 'yan Uganda kansu, saboda ya bar masu kallo da tunanin cewa yaƙin yana ci gaba a arewacin ƙasar alhali mayaƙan sun bar ta shekaru kafin nan. Ka kwatanta wannan da abin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi bayan ambaliyar teku ta tsunami ta Disambar 2004, lokacin da ta fito ta ce kuɗin da ta samu domin wannan masifa ya ishe ta, ta daina karɓa, ta kuma nemi izinin masu bayarwa ta karkatar da rarar zuwa wasu wuraren da aka manta da su. Idan ka yi kuskure a suna ko adadi, ka gyara a fili a daidai inda ka wallafa shi.

Aikin da ya rage shi ne komawa da bayani, kuma wurin mutum biyu za ka koma. Na farko mai bayarwa: bayan wata ɗaya ko uku ka sanar da shi nawa aka tara, me aka yi da shi, da abin da bai yiwu ba tare da dalili. Ƙungiyar charity: water, wadda aka kafa a 2006, ta yi suna ne da nuna wa masu bayarwa hoton rijiyar da aka gina da wurinta a taswira. Na biyu shi ne mai labarin, wanda galibi ake mantawa da shi da zarar hoton ya yi aikinsa. Ka nuna masa abin da aka wallafa, ka faɗa masa abin da ya biyo baya, kuma idan ya ce a sauke, ka sauke. Sannan ka nemi ƙungiyar ta ba ka adadin waɗanda suka bayar ta hanyarka da waɗanda suka zama masu bayarwa wata-wata, ka rubuta shi kusa da kowane labari da ka wallafa, domin da wannan lissafi za ka zaɓi irin labarin da za ka nema a zagaye na gaba.