Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa bargo da guntayen ƙyalle

Bayan kowace Sallah, shagunan teloli a Sakkwato cike suke da guntayen atamfa da shadda da yadi, wasu ma shara ake kai su. Da waɗannan guntayen ake haɗa bargo ko zanen gado mai kyau, musamman don sanyin hunturu. Sai dai yawancin masu farawa sukan ɓata aikin tun ba su hau keke ba.

Babban kuskure shi ne haɗa yadin da ba jinsi ɗaya ba. Ki ɗauko shadda mai kauri ki liƙa ta da yadi mai santsi ko leshi, ɗaya na ja ɗaya na tsaye, dole ɗinkin ya tattare. Ware auduga gefe guda, mai roba gefe guda. Haka tsohon zanen da ya sha wanki, in kika haɗa shi da sabo, shi zai fara yagewa a bakin ɗinki.

Sai rashin wanki kafin yanka. Auduga takan tsuke a wankin farko, wata atamfar kuma tana zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu. Jiƙa kowane launi daban, ki duba ruwan. Wanda bai daina zuba ba, ajiye shi, kada ya ɓata miki farin da ke kusa da shi. In ya bushe ki goge, sannan almakashi.

Wajen awo ne aka fi shan kashi, kuma a nan nake ganin gaggawa ta fi yi wa mutane illa. A ce kina son yanki mai murabba'i tara, uku-uku, wanda zai fito inci 12 a cikin bargon. Kowane murabba'i zai zama inci 4, amma ba 4 za ki yanka ba, 4 da rabi ne, saboda kwatan inci da ɗinki zai ci ta kowane gefe. Ki yanko kwali daidai wannan girman, ki riƙa zagaye shi da alli, kada ki yarda da awon ido. Kwatan incin nan kuma ya zama ɗaya ko'ina. In kika ƙara rabin kwata a kowane ɗinki, layin mai murabba'i uku zai gaza da rabin inci cur, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Maganin mai sauƙi ne: auna kwatan inci daga allura, ki manna salatif a kan farantin keken, bakin ƙyallen ya riƙa bin sa. Ko Butterfly ta ƙafa ce, wannan dabarar tana yi.

Ki kula da yadda zaren saƙa ya kwanta. Ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa, sai murabba'in ya gurɗe. Bi tsayin zaren ko faɗinsa.

Guga kuma ba irin ta kayan sawa ba ce. Ɗora dutsen, danna, ɗaga. In kina turawa, yadin zai buɗe. Kwantar da bayan ɗinkin layin farko dama, na biyu hagu, na uku dama, don su shige juna in kin zo haɗawa, wurin bai yi tudu ba. Mai dutsen gawayi ta shimfiɗa wani ƙyalle a sama, don yadi mai roba ba ya jure wuta.

Batun launi ra'ayi ne, amma atamfa mai manyan zane in ta taru wuri ɗaya, ido ba ya samun wurin hutawa. Raba su da farar shadda ko wani yadi marar zane. Shimfiɗa guda taran a tabarma, ki ja baya ki duba, in masu duhu sun taru gefe guda ki sauya musu wuri kafin ki sa allura.