Yadda za ki gane baƙin cikin da ya zama ciwo, da yadda ake shan maganinsa

Ina aiki a shagon magani a Gaɗarif, a ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya ci garin Wad Madani a Disamba 2023 gidajenmu suka cika da 'yan'uwa, kuma da wuya mutum ya zo ya ce yana fama da ciwon damuwa. Cewa yake kansa na ciwo, ko a ba shi maganin barci. 'Yar'uwa, ke da kike riƙe da irin wannan mutumin a gida nake wa magana.

Ki fara da tambayarsa abin da ya rasa, kafin a kai ga ƙwaya. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Randolph Nesse, ya daɗe yana bayanin cewa mutuwar jikin da ke zuwa bayan asara tana da aikin da take yi, kamar zazzaɓi: babu daɗi, amma kariya ce da jikin ɗan Adam ya gada tun zamanin kakannin kakanni. Tana janye mutum daga bin abin da ba zai samu ba, ya adana ƙarfinsa. A 2009 wasu masu bincike, Paul Andrews da Anderson Thomson, suka ƙara da cewa yawan saƙe-saƙen mai damuwa ƙoƙarin ƙwaƙwalwa ne na warware matsala mai wuya. Masana da yawa ba su yarda da su ba, ni ma ban ɗauki maganar duka ba, don na ga waɗanda tunanin nan bai warware musu komai ba sai rama. Amma akwai abin amfani a ciki. Baffan da ya bar shagonsa ya dawo cin abinci a gidan ƙaninsa, ciwonsa na da dalili, kuma dalilin ne abin fara dubawa. Ki zaunar da shi, ki ce, "Baffa, me ya fi tsaya maka a rai?" Ki bari ya faɗa, kada ki tare shi da "a yi haƙuri" tun bai gama ba. Sannan a nema masa abin yi, ko da zaman tsaron shago ne na rabin yini, da zuwa masallaci cikin jama'a.

Zazzaɓi ma in ya wuce kima yana kisa. Ki ƙirga kwanaki. Idan an yi mako 2 ko fiye kusan kullum yana cikin ƙunci, abin da yake so da ya fita ransa, barci da cin abinci sun lalace, yana ganin kansa ba shi da amfani, to likita ya kamata ya gani. A duba jini da maƙoƙo, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo na kawo irin wannan kasala. Idan kuwa ya ambaci mutuwa ta fi masa, ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kwashe magunguna daga ɗakinsa, musamman amitriptyline, wanda yawansa ke tsayar da zuciya.

Wasu na jin kunyar magani, suna ganin raunin imani ne. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda wani asibitin ƙwaƙwalwa a Omdurman ke ɗauke da sunansa, bai raba gari da malamai ba, aiki ya yi da su. A ci gaba da addu'a, a sha magani. Wani babban nazari da ya fito a mujallar Lancet a 2018 ya tattara gwaje-gwaje 522 kan magungunan damuwa 21, ya samu dukkansu sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta, duk da cewa tazarar ba ta da yawa sosai. Ƙwaya ba ta dawo da gidan da aka rasa, amma takan ba mutum ƙarfin tashi ya nemi wani.

Magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline ba sa aiki rana ɗaya. Sai an yi mako 2 zuwa 6 ake ganin sauƙi, alhali tashin zuciya da ciwon kai kan riga zuwa a makon farko, a nan ne mutane ke jefar da maganin. Ki gaya masa tun farko. Idan bai kai shekara 25 ba, ki sa masa ido sosai a makonnin nan, don tunanin kashe kai kan ƙaru ga wasu matasa. A kuma faɗa wa likita idan ya taɓa yin kwanaki ba barci yana surutu da ɓarnar kuɗi, domin wannan ciwon daban ne, maganinsa daban.

Da azumi a tambayi likita, yawanci sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da shi sahur ko bayan buɗa baki. Ki rubuta ainihin sunan maganin da ƙarfinsa a takarda, don kwalin da kika saba na iya ɓacewa a kasuwa, kuma ki sayi na gaba tun saura na mako guda. Bayan ya ji sauƙi a ci gaba aƙalla wata 6. Ranar da za a daina, a hankali ake ragewa tare da likita, don yankewa farat ɗaya na kawo jiri, rashin barci da wani abu kamar jan lantarki a kai.